Gidan Trimbach na Alsas da farar giyar inabinsa: tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi

Duk ɗan'uwan da karatu ko aiki ya kawo shi Strasbourg ko Colmar, biranen yankin Alsas na Faransa, ba ya rufa wata guda sai ya fara tambaya a kan gonakin da suka lulluɓe gangaren duwatsu, layi bayan layi kamar kitso. Wasu kuma aikin otal ko gidan abinci ne ya haɗa su da dogayen kwalabe masu rawayar takarda, maigida yana kiran sunaye su kuwa suna kallonsa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na ɗauki gida ɗaya, Trimbach, domin ta kansa ana iya gane yankin gaba ɗaya. Ni ba na sha. Abin da na faɗa a kan ɗanɗano daga bakin masu sana'ar na ji shi, na ƙamshi kuwa hancina ne shaida.

Wai shin ruwan inabi ne ko giya ce?

Giya ce, kuma tana bugarwa. Na fara da wannan ne saboda kalmar "ruwan inabi" tana ruɗa mutane: wani yana nufin matsattsen ruwan 'ya'yan inabi wanda ba shi da barasa, wani kuma yana nufin wanda ya tsimu. A Faransa na farko sunansa jus de raisin, na biyu kuma vin. Abin da gidan Trimbach ke sayarwa vin ne, barasar da ke cikinsa takan kama daga kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, wato ninki biyu ko fiye na giyar kwalba da aka sani a gida. A nan zan riƙa cewa giyar inabi don kada a samu ruɗani.

Su wane ne Trimbach, kuma ina gidan yake?

Iyali ne na manoma inabi kuma masu sarrafa shi, a garin Ribeauvillé da ke yankin Alsas, gabashin Faransa, kamar kilomita 15 arewa da Colmar. Alsas siririyar ƙasa ce da aka matse tsakanin duwatsun Vosges daga yamma da kogin Rayin daga gabas. Kana tsallake kogin ka shiga Jamus.

Cikakken sunan kamfanin F. E. Trimbach, daga sunan Frédéric Émile Trimbach, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 ya kai giyar gidan baje kolin duniya a birnin Brussels ta ciyo babbar lambar yabo. Daga nan sunan ya fita waje. A zamaninmu 'yan'uwa biyu ne aka fi sani, Pierre da Jean, tsatso na 12. Pierre ya karɓi aikin sarrafa giyar a 1979, Jean kuma ya riƙe harkar kasuwa da yawon ƙasashe. 'Ya'yansu, irin su Anne da Julien, su ne tsatso na 13, kuma tuni suka shiga aikin. Suna da gonakinsu na kansu, suna kuma sayen inabi daga ƙananan manoman kewaye don giyarsu ta yau da kullum.

Da gaske ne tun 1626 suke wannan sana'a?

Shekarar da gidan ke lissafi da ita ke nan, lokacin da aka karɓi Jean Trimbach a matsayin ɗan gari a Riquewihr ya kama noman inabi. Daga baya iyalin suka koma ƙauyen Hunawihr, sannan bayan Yaƙin Duniya na Farko suka sauka Ribeauvillé. Garuruwan uku duk a jere suke, mai ƙafa zai zaga su a yini ɗaya. Shekarar 2026 ce cikon shekara 400. Don a ji nisan abin, sai bayan shekara 178 da kafa gidan aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804.

Kuma ba a lokacin kwanciyar hankali aka kafa shi ba. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, yana tsaka da cin Alsas, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma daji. Maƙwabtansu na Riquewihr, gidan Hugel, su ma a cikin wannan yaƙin suka soma, a 1639.

Sunan ya yi kama da na Jamusawa. Faransawa ne ko Jamusawa?

Faransawa ne, amma tambayar tana kan hanya. Alsas ta fara shiga hannun Faransa ne daga 1648, Strasbourg ta biyo baya a 1681. Jamus ta ƙwace yankin a 1871 ta riƙe har 1918, ta sake mamaye shi daga 1940 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. An yi tsofaffin da suka canza ƙasa sau huɗu ba tare da sun bar ƙofar gidansu ba. Har yau dattawa suna magana da harshen yankin, wanda ɗan'uwan Jamusanci ne.

Wannan tarihin yana nan a jikin kwalbar. Doguwa ce siririya irin ta bakin Rayin, doka ce ta wajabta ta ga farar giyar Alsas, kuma tun 1972 dole a ɗura ta a cikin yankin. Sannan ana rubuta sunan irin inabin ɓaro-ɓaro, kamar yadda Jamusawa ke yi, alhali a Bordeaux ko Bourgogne sunan wuri ake sa wa gaba.

Yaya aka yi rabon gado bai wargaza gidan ba?

Wannan ita ce tambayar da Bahaushe ya fi yi, kuma ita ce ta fi burge ni. Mun san yadda gonar gandu ke ƙarewa: maigida ya rasu, a raba, jikoki su sake rabawa, har kowa ya tashi da abin da bai isa shuka kwano ɗaya ba, a ƙarshe a sayar wa mai fegi. Faransa ma tana da wannan matsalar. Tun dokar Napoleon ta 1804 kowane ɗa yana da kason da ba a isa a hana shi ba, ga kuma harajin gado mai nauyi. Shi ya sa gonakin Alsas suke yanka-yanka, manomi ɗaya yana da ƙananan filaye a wurare goma.

Dabarar da tsofaffin gidaje irin wannan suka kama ita ce a mai da dukiyar kamfani. Magada su raba hannun jari, ƙasar kuwa ta zauna a dunƙule. Sai kuma rabon aiki: wani yana gona, wani yana ɗakin sarrafawa, wani yana kasuwa, ba a sa wuƙa biyu a kube ɗaya. Akwai kuma wani abu da sana'ar kanta ke tilastawa. Itacen inabi sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da abin kirki, kuma masu sana'ar sun fi daraja wanda ya haura shekara talatin. Mutumin da ya dasa gona yana da shekara hamsin ya san ɗansa ne zai ga mafi kyawunta, don haka tun yaron yana ƙarami ake jan shi cikin kunyoyi.

Me ya sa ake ce mata fara alhali rawaya ce, kuma yaya ake yin ta?

Launinta kamar na karan dawa busasshe, in ta tsufa ta koma ruwan zinariya. An ce mata fara ne don a bambanta ta da ja. Launin giya daga ɓawon inabi yake fitowa, ruwan ciki kusan kullum garau yake. In ana son ja sai a bar ruwan ya tsimu tare da ɓawon. In fara ake so, da an kawo inabin daga gona sai a matse shi a hankali a raba ruwan da ɓawo nan take. Shi ya sa ake samun farar giya daga inabin da fatarsa ja-ja ce, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan ire-iren inabi.

Bayan matsa sai a bar ruwan ya kwanta, a tace, a zuba a manyan tankunan ƙarfe ko tsofaffin gangunan katako. Yisti ya kama cin sukarin yana mai da shi barasa da iska, tankin yana ƙuƙƙuɓa kamar ƙullun da ya kwana. Kusan giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi ɗaya na barasa. Ana riƙe shi da sanyi don kada ƙamshin ya gudu. Hanyar dai ita ce ta burukutu, sai dai dawa tana bukatar a tsirar da ita a dafa kafin sitacinta ya zama sukari, inabi kuwa da sukarinsa yake zuwa.

Me ya sa farar ce ta fi yawa a Alsas?

Wajen kashi 90 cikin ɗari na giyar yankin fara ce, kuma yanayi ne ya jawo. Alsas tana can arewa, dare yana da sanyi, inabi yana nuna a hankali ba tare da tsaminsa ya zube ba, abin da farar giya ke so ke nan. Duwatsun Vosges kuma suna tare hadarin da ke tasowa daga yamma, ya zubar da ruwansa a wancan gefen. Colmar tana cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, kusan milimita 600 a shekara, wato bai ɗara na Yamai da wani abin kirki ba. Bambancin shi ne nan ruwan yana rarrabuwa cikin watanni goma sha biyu, kuma babu ranar da za ta ƙafar da shi. Kaka takan yi tsawo, busasshiya, inabi ya samu ya nuna sosai bai ruɓe ba.

Waɗanne ire-iren inabi ne, kuma me ya bambanta su?

Riesling shi ne sarki, kuma da shi aka san Trimbach. Ƙananan 'ya'ya ne kore-kore, yana nuna a makare, tsaminsa mai kaifi ne, ƙamshinsa na lemun tsami da ɗanyen tuffa. Gewurztraminer kuwa kishiyarsa ne. Fatarsa ruwan hoda, ƙamshinsa kamar an buɗe kwalbar turaren wardi, ko daga nesa za ka gane shi. Kalmar Gewürz a Jamusanci kayan yaji take nufi. Tsaminsa kaɗan ne, barasarsa ta fi yawa. A cikin giyar Gewurztraminer ta gidan, mafi daraja ita ce Cuvée des Seigneurs de Ribeaupierre, sunan sarakunan da suka mulki Ribeauvillé a da.

Pinot Gris yana tsakiya, mai kauri, da ɗan ƙamshin hayaƙi. A da ana kiransa Tokay d'Alsace, har ƙasar Hangari ta yi ƙorafi saboda giyarta ta Tokaj, aka hana sunan daga 2007. Akwai Muscat, wanda ke ƙamshin ɗanyen inabi sak, da Pinot Blanc da Sylvaner masu sauƙin kuɗi. Ja guda ɗaya ce, Pinot Noir.

Ina jin ana cewa giyar Trimbach "sec" ce. Me ake nufi?

Ma'anar kalmar busasshe, a nan kuwa ana nufin marar zaƙi: an bar yisti ya cinye kusan duk sukarin. A nan gidan ya kafe. Akwai lokacin da masu sarrafawa da yawa a Alsas suka riƙa barin sukari a giyarsu saboda tana saurin shiga ran sabon mai saye, har ta kai mutum ya sayi Riesling bai san mai zaƙi ce ko marar zaƙi ba sai ya buɗe. Trimbach ba su bi wannan yayin ba. Daga baya hukuma ta shigo, daga amfanin 2021 ya zama dole a nuna matakin zaƙi a jikin kwalba: sec, demi-sec, moelleux ko doux.

Abu biyu kuma suke gujewa. Ba sa zuba farar giyarsu a sabuwar gangar katako, wadda ke sa mata ƙamshin itace. Kuma ba sa barin Riesling ya yi tsimuwa ta biyu, wadda ƙwayoyin bakteriya ke juya kaifin tsamin tuffa ya koma laushin tsami irin na nono. Sakamakon haka giyar tana fitowa da tsauri tana sabuwa, wasu ma su ce ta cika ɗaure fuska. Maganin wannan yana amsar da ke kan ajiya.

Mene ne Clos Sainte Hune da ake ta zuzutawa?

'Yar gona ce a Hunawihr, hekta 1.67, filin ƙwallo biyu da ɗan ɗori, a tsakiyar gangaren da ake kira Rosacker. Ta fi shekara 200 a hannun iyalin, kuma an fara fitar da giya da sunanta a 1919. Riesling kaɗai ake nomawa a ciki, itatuwan tsofaffi ne, ƙasar kuwa dutsen farar ƙasa ce, dangin wanda ake haƙa a Malbaza ko Kalambaina don yin siminti. Abin da take bayarwa a shekara wajen kwalba 8,000 ne, duniya duka a raba. Masana da yawa suna sa ta a sahun gaba na Riesling marar zaƙi a ko'ina, kuma kwalba ɗaya takan haura yuro 200, kusan ninki goma na Riesling ɗin gidan na yau da kullum.

In ka je za ka yi mamaki, domin ido ba ya ganin bambancinta da gonar maƙwabci. Itace iri ɗaya, waya iri ɗaya. Manomin da ya san cewa a gona ɗaya akwai gefen da gero ke yin zangarniya kamar hannu, akwai gefen da sai dai kara, shi zai fi kowa saurin yarda.

Sunan na wata waliyyiyar Kirista ce ta ƙarni na 7, Hune, wadda labari ya ce matar mai sarauta ce amma tana wanke wa marasa lafiya da matalauta tufafi a maɓuɓɓugar ƙauyen. Daga sunanta aka samo Hunawihr.

To Cuvée Frédéric Émile fa, kuma me ya sa aka daɗe ba a rubuta Grand Cru a jikinta?

Ita ce ta biyu a daraja, Riesling daga gangare biyu da ke bayan gidan a Ribeauvillé, Geisberg da Osterberg. Geisberg yana fuskantar kudu, yana da tsayi har sai da aka yi masa matakala da dutse. Dukansu suna cikin wurare 51 da doka ta ware a matsayin Grand Cru, wato gonakin da suka fi kowanne. Tsarin ya soma a 1975 da Schlossberg, aka yi ta ƙari har Kaefferkopf ya cike na 51 a 2007.

Trimbach, da Hugel da Léon Beyer, sun daɗe suna ƙin sa wannan lakabin. Hujjarsu ita ce an ja iyakokin da faɗi, an cusa filayen da ba su cancanta ba don a faranta wa kowane ƙauye, an kuma yarda a ɗebi amfani da yawa daga kowace hekta. Suna ganin sunan gidansu ya fi tambarin hukuma nauyi. A ganina akwai gaskiya a ciki, akwai kuma lissafin kasuwa, domin wanda ya riga ya yi suna ba ya son a jera shi da kowa. Ita Frédéric Émile ma haɗin gangare biyu ce, doka kuwa sunan wuri ɗaya take yarda a rubuta. Daga baya sun sassauta: daga amfanin 2009 suka fitar da Riesling mai ɗauke da sunan Grand Cru Geisberg, wasu suka biyo baya. Clos Sainte Hune dai har yau da sunanta take fita.

Me ya sa ake ajiye ta shekaru, kuma gaskiya ne tana warin fetur?

Gidan yakan ɗura giyar a kwalba 'yan watanni bayan girbi, sannan ya riƙe manyan a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa shekara biyar ko fiye kafin ya sake su kasuwa. Wannan kuɗi ne kwance, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke iya jure shi ba. Tsamin nan da aka ƙi kashewa shi ke tsare giyar, yana laushi a hankali, har manyan Riesling su kai shekara ashirin ko talatin ba su lalace ba.

Batun fetur gaskiya ne. Tsohon Riesling yana fitar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa TDN, ƙamshinsa kamar na kananzir. Ranar da wani mai gidan abinci ya miƙo mini kofi ya ce in sansana kawai, abin da ya faɗo mini shi ne fitilar ƙwai ta ɗakin kakata. Shi kuwa sai murmushi yake, wai alamar ta nuna ke nan.

Mene ne Vendanges Tardives da Sélection de Grains Nobles?

Su ne masu zaƙin, kuma ba kowace shekara ake yin su ba. Na farko inabi ne da aka bari a jikin itace makonni bayan girbi har ya fara yanƙwanewa. Na biyu sai wani naman gwari mai suna Botrytis ya kama 'ya'yan, ya huda fatar, ruwan ya tsane, sukarin ya taru. Yana bukatar hazo da safe, rana da yamma. In damshi ya yi yawa ruɓa ce kawai, an yi asara. Masu tsinka suna bi suna zaɓen ƙwaya-ƙwaya. Dokar da ta tsara su ta fito a 1984, kuma Jean Hugel ne ya yi tsayin daka a kanta. Iri huɗu kaɗai aka yarda: Riesling, Gewurztraminer, Pinot Gris da Muscat.

Ina aiki a gidan abinci. Yaya zan karanta takardar jikin kwalba?

Sunan gida, sunan inabi, sai shekara, wadda ita ce shekarar girbi, ba ta ɗurawa ba. Appellation Alsace Contrôlée tana nuna an bi dokar yankin, wadda aka kafa a 1962. Réserve da Réserve Personnelle matakai ne na gidan kansa, doka ba ta fayyace su ba. In ka ga Crémant d'Alsace, wannan mai kumfa ce, ka yi hankali da murfin. Kada rawayar takarda ta ruɗe ka, Hugel ma rawaya ce tasu, ka karanta sunan. Ana kai farar giya tebur da sanyi, tsakanin digiri 8 da 12. Shi kansa aikin ɗauka da miƙawa yana da hukunci a addini, duba amsa ta gaba.

Ɗalibai suna zuwa tsinkar inabi don samun kuɗi. Yaya aikin yake, kuma ya halatta ga Musulmi?

Girbi yakan kama daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. A zamanin kakanni sai Oktoba ake farawa, ɗumamar yanayi ce ta jawo shi baya. Akwai kwangila ta musamman wadda ba ta wuce wata ɗaya, ana biyan aƙalla mafi ƙarancin albashi, ɗalibin waje kuma yana da izinin aikin awa 964 a shekara. Shekarata ta farko na yi kwana uku a wata gona, ba ta wannan gidan ba. Ana ba ka ɗan almakashi da bokiti, ku biyu ku sa layi a tsakiya. Da safe raɓa ta jiƙa ka har gwiwa, yatsu su ƙandare. Kafin azahar hannunka ya yi danƙo da sukari, rina tana bin ka. Wani ƙato yana yawo da dogon mazubi a goye, kuna juye masa, yana hawa da sauka. Bayanka ne zai fara kuka kafin hannu.

A kwana na uku zuciyata ta ƙi. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai shayar da ita, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Mafi yawan malamai kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, a nan kuwa babu shakkar inda inabin zai je. Wanda ke cikin matsi ya kai wa malaminsa bayanin halinsa dalla-dalla. Ni dai na koma tsinkar tuffa, kuɗin ɗaya ne. 'Yan'uwanmu Kiristoci da muka je tare sun ƙarasa kakarsu lafiya.

Ba na sha. Ina ne zan iya faɗawa ban sani ba?

Tarko mafi girma yana zuwa ne da kaka. Za ka ga ana sayar da wani ruwa mai duhu-duhu kamar kunun zaƙi, ana ce masa vin nouveau ko Neier Siasser. Zaƙi ne da shi, yana ɗan tsatsa a harshe, sai ka rantse lemo ne. Ruwan inabi ne da ya fara tsimuwa, barasarsa tana ƙaruwa kowace rana. Alamarsa ita ce murfin ba a rufe yake ruf ba, an bar wa iska hanya, shi ya sa mai sayarwa zai ce kada ka kwantar da kwalbar. Wani sabon zuwa ya taɓa kawo mana ita ɗaki da murnarsa, ta zube a jakarsa tun a bas, warin ne ya tona.

A abinci kuma, choucroute ana dafa shi da farar giya kuma naman alade ne a kai. Baeckeoffe ana jiƙa namansa a giya ya kwana, shi ma da alade. Duk abin da aka rubuta "au Riesling", kaza ko kifi, da ita aka yi miyar. Tarte flambée tana zuwa da gutsattsarin alade sai in ka ce a cire. Ka nemi jus de raisin ko jus de pomme, manoma da yawa suna yin su. Kada kuma ka yarda wani ya ba ka kwalba saƙo zuwa gida, ka san yadda dokar take a Kano da sauran jihohin da ke bin shari'a.

Akwai abin gani a wurin ga wanda ba ruwansa da giya?

Sosai. Jirgin ƙasa daga Strasbourg zuwa Colmar kamar rabin awa ne, daga nan bas zuwa Ribeauvillé. Garin yana kan hanyar yawon buɗe ido da aka buɗe a 1953, mai tsawon kusan kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann. A saman garin akwai kufan fadoji uku, Saint-Ulrich da Girsberg da Haut-Ribeaupierre. Sarakunan Ribeaupierre, masu waɗannan fadoji, su ne a da iyayen gidan makaɗa da mabusa na Alsas duka, har da naɗa musu sarki, kamar dai sarkin makaɗa a fadojinmu, kuma har yau ana bikinsu, Pfifferdaj, a Lahadin farko ta Satumba.

Daga nan ka taka ta cikin gonaki zuwa Hunawihr. Cocin ƙauyen yana kan tudu da ganuwa kewaye da shi, Katolika da Furotesta suna amfani da shi tare. Ka ɗaga kai ka duba rufin gidaje, za ka ga manyan sheƙuna na wata farar shamuwa mai jan baki. A 1974 ma'aurata tara kacal suka rage a Alsas, aka buɗe cibiyar farfaɗo da su a Hunawihr a 1976. Waɗanda ke yin ƙaura a cikinsu, wasu har yankinmu na Sahel suke zuwa cin rani.

Za a iya noma irin wannan inabin a ƙasar Hausa?

Inabi dai yana yi, manoman Kudan a jihar Kaduna sun nuna haka. Amma nasu na ci ne, manyan 'ya'ya masu nama. Na giya ƙanana ne, fata mai kauri, ƙwallaye a ciki, ruwa da sukari sun fi yawa. Riesling kuma yana son hunturu na gaske, ya zubar da ganye ya yi barcin watanni, sannan ya nuna a hankali cikin sanyin dare. A zafinmu tsaminsa zai zube kafin ƙamshin ya haɗu.

Abin da manominmu zai gane nan take shi ne aure. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye saiwar inabin Turai, gonaki suka mutu ƙasa bayan ƙasa. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura masa reshen na Turai, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Kusan duk itacen da ke gangaren Ribeauvillé haka yake. In ka durƙusa ka duba gindinsa, ɗan sama da ƙasa kaɗan, za ka ga kumburin inda aka haɗa.